Zarto a Hannun Wanda Bai Gada Ba

Wannan shi ne bayanin da na yi muku a filinmu na tarihi. An mai da shi rubutu saboda waɗanda batir ya yanke musu a tsakiya, na kuma ƙara abin da lokaci bai bar ni na faɗa ba.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Shekara biyu ke nan, bencin da baƙi ke zama a kai a ƙofar tasharmu ya karye ƙafa. Aka yi wata guda ana tokare shi da bulo. Ran nan dai na shiga kasuwa na sayi zarto da hama da ƴan ƙusoshi, na buɗe waya na kalli yadda ake yi, na zauna na gyara shi. A karkace ya fito, amma ya tsaya, har yau kuma ana zama a kai. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Duk Asabar ɗin da ba ni da aiki, ina bayan gida ina yankan katako. Na yi ƴar kantar ajiye littattafai, na yi kujera, na yi murfin randa.

Wata rana kakata ta leƙo ta tarar da ni cikin ƙurar katako. Ta ce, "Kai ɗan nan, a gidanmu wa ya taɓa sassaƙa? Kakanka fatauci ya yi, ubanka fatauci yake yi. An kai ka lakwal, ka samo takardar aikin jarida, ka dawo kana kankare ice. Nawa ake biyan ka?" Na ce, "Kaka, ba a biya na, sha'awa ce kawai." Ta yi shiru, can ta ce, "Aikin da ba gado ba kuɗi, ai wahala ce sunansa. To in wahalar kake so, ga ƙyauren tsohuwar nan ta bayanmu, shekara guda ke nan yana jingine."

Tambayoyin nan biyu, wa ka gada, wa ya biya ka, su suka sa na shiga tonon tarihi. Abin da na gano shi ne, a ƙasashenmu aikin ice da gyaran gida hanya biyu ce daban tun asali. Aikin ice na gado ne, ƙofarsa a rufe take. Gyaran gida na gayya ne, kowa na shiga, kuma samari ne ƙarfinsa. Yau gadon yana ƙarewa, gayyar ta yi rauni, ɗakunan tsofaffi kuwa suna nan suna jiran damina.

Sassaƙa, sana'ar gado

Kafin zarto ya shigo, gatari da gizago ne kayan aiki. Masassaƙi ba ya haɗa ice da ice da ƙusa irin na kafinta. Gungume guda yake samu, ya yi ta cire abin da ba ya so har abin da yake so ya fito: turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata ƴar tsugunne, allon makaranta, ƙotar fartanya, gangar makaɗi, komin shayar da dabbobi, da icen sirdi wanda baduku zai lulluɓe da fata. A bakin kogin Kwara har jirgin ruwa ake fafewa daga ice guda.

Rabin ilimin kuwa sanin ice ne. Ƙirya ta turmi da taɓarya ce saboda taurinta, ita ce kuma maƙera ke so a gawayi. Ɗanya tana da sauƙin sassaƙa, da ita ake akushi. Aduwa ta allo da ƙota ce. Marke na dirka da gwafa. Wanda bai san wannan ba sai ya sha wuya ya fafe turmi, wata uku ya tsage. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba, uba ke nuna wa ɗa a daji. Shi ya sa sana'ar ta zauna cikin wasu gidaje sanannu, da unguwarsu da shugabansu. A manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Sassaƙa, kamar yadda akwai Sarkin Ƙira da Sarkin Magina da Sarkin Fawa.

Ƴan uwana makiyaya, kun fi ni sanin wannan. A cikin Fulani, musamman na yamma wajen Mali da Senegal, akwai Lawɓe, waɗanda gadonsu ke nan sassaƙa akushin tatsa da turmi da ludayi suna bin rugage. A wurin Abzinawa kuwa maƙeransu, waɗanda suke kira inadan, su ke sassaƙa sirdin raƙumi da ƙafafun gado da cokula. Mai garke ba ya taɓa wannan aiki, don ba nasa ba ne. Abin da yake yi da hannunsa bai wuce sandarsa da turke da shingen ƙaya ba.

Kun ga ke nan kakata ba raina ni ta yi ba. Tsarin da ta tashi a ciki ke nan: kowa da sana'ar gidansu, wanda ya shiga ta wani kuwa ana ganin ko talauci ya koro shi ko ya rasa abin yi.

Gida, aikin kowa

Gida daban ne. Gaskiya gwanin gini ma na gado ne, amma gwani shi kaɗai ba ya tada ɗaki. Ana gama girbi sai a fara haƙar ƙasa, a kwaɓa ta da ramno, a murza tubali a shanya. Wannan aikin ƙarti ne, na samarin unguwa. Mai gida ya sanar da Sarkin Samari ranar da yake so, a tuƙa tuwo, a dama fura, a sayo goro, wani lokaci a kira makaɗi. Ba a biyan kowa ko anini. Ladan shi ne, ran da taka ta taso su ma za su zo. Jinka a ƙasa ake ɗaura ta, a baibaye ta, sannan a taru a ɗaga a ɗora bisa ɗaki. Da Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, abin da yake gani da idonsa kowace shekara ya faɗa. Mata ma suna da tasu gayyar, wato daɓen ɗakin amarya, madaɓi a hannu, ana waƙa ana yayyafa ruwan makuba.

Sai gyara, wanda shi ne kan maganarmu. Ginin ƙasa ba a gama shi, kowace shekara sai an koma masa. Da bazara, kafin hadarin farko, a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo, a yaɓe bangon gabas, don daga can ruwa da iska ke dukan gida. A shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko katsi na ramin marina, don ruwa ya zame. A al'adar gayya kuma akwai gidajen da ba sai sun kira ba, zuwa ake yi: gidan tsohuwar da ba ta da ɗa a kusa, gidan makaho, gidan liman, gidan matar da mijinta ya rasu. Makiyaya suna da irin wannan a haɓɓanaye, inda ake ba wanda garkensa ya ƙare saniya ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar.

Inda ice da gini suka haɗu shi ne azara. Gangar giginya ake tsagawa a fitar da ita, magina sun fi son ta namijin giginya, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kusan mita biyu. Wannan gajartar ce ta sa maginanmu suka fito da dabarar jera azara a kusurwa, da bakan gizo, da ɗaurin guga, har suka rufe manyan zauruka ba ginshiƙi a tsakiya.

Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin. Masu zuwa Agadas sayen gishiri ko raƙuma, ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar babban masallaci. Tsayinta mita 27, asalinta tun ƙarni na 16. Itatuwan nan da suka fito daga jikinta kamar ƙaya, matakala ce aka bar wa masu yaɓe. Wato wanda ya gina ta ya san jikokin da bai gani ba za su zo gyara, sai ya bar musu wurin sa ƙafa. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da ake gani yau an gina shi a 1907, kuma kowace shekara gari ke fitowa yaɓensa. Samari na gudu da kwandunan laka, ƴan mata na ɗebo ruwa, unguwanni na gasa, magina na sama suna shafewa.

Ga na kusa da mu kuma. A 1962 mutanen Yama, wani ƙauye a jihar Tawa, suka sa maginin garinsu, Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a. Manomi ne kamar kowa. Mai iya tubali ya yi tubali, mai iya ɗaukar ruwa ya ɗauko, mai samo ice ya samo. Suka yi ta ƙari suna gyara shekara da shekaru, har a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi. Aikin gayya ne na ƙauye guda.

Zuwan kafinta

Kafinta baƙo ne, sunansa ma ya nuna. Daga Ingilishi kalmar ta shigo, a wannan gefen kuma wasu kan ce manuziye, daga Faransanci. Turawa sun zo suna son tebur da kujera mai jingina da taga da akwati, abubuwan da ba a fafe su daga gungume, sai an yanka falanki an haɗa. A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a cikinta har da sashen koyon sana'a, aikin kafinta na ciki. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Jirgi ya riƙa tafiya kudu da gyaɗa da fatu, yana dawowa da kwano da ƙusa da siminti da katakon kurmi. Daga Kano kayan suka bi ta Katsina zuwa Maraɗi, suka bi ta Daura zuwa Damagaram, farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. Kakannin wasunku su suka yi wannan dakon. Har gobe katakon da kafintocin garuruwan bakin iyaka ke aiki da shi, daga kudu yake tahowa.

Abin lura a nan, kafinta ba sana'ar gado ba ce. Ɗan kowa na iya shiga shago, ya zauna ƙarƙashin maigidansa ƴan shekaru, a yaye shi. Wannan ce ƙofar farko da ta buɗe ga wanda bai gaji ice ba. Amma don neman abinci ake shiga, ba a san wani ya riƙe zarto don jin daɗi ba.

Wannan zamanin kuma ya yi wa gayya illa ta wata fuskar. A ƙasashen da Faransa ta mulka ana ɗibar ƙarti daga kowane gari a kai su fasa hanya da gina bariki ba lada. Ba a soke aikin tilas ɗin nan ba sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouet-Boigny na Kodebuwa. A gefen Ingila ma, lokacin yaƙin duniya na biyu an kwashi mutanen Arewa da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos. Tun daga nan talaka ya koyi cewa in aka ce a fito aiki, sai ya fara duba wa ya yi kiran.

Samariya

Iyayenmu da suka tashi a Nijar, in kuka ce musu aikin sa kai, samariya za su tuna. Bayan Saini Kunce ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauko tsohon tsarin Sarkin Samari ya mai da shi ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Kowace unguwa da kowane ƙauye da samariyarsu. Sun gina azuzuwan lakwal, sun share tituna, sun dasa itatuwa, sun yi wasanni da gasar waƙa. Har yau masu shekara sittin suna ba da labarin da ɗoki. Amma in ka zauna da su sosai za su gaya maka cewa igiyar a hannun gwamnati take. Da Kunce ya rasu a 1987, siyasar jam'iyyu kuma ta shigo bayan babban taron ƙasa na 1991, sai samariya ta watse. Samari suka koma bin ƴan takara, suka koma zaman fada ana dafa shayi, abin da ake ce wa majalisa a wancan gefen.

A Nijeriya ta hanyar makaranta aka gwada. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya sa aikin katako da ƙarfe cikin darussan ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga waje aka rarraba. Da yawa a cikin akwatunansu suka tsufa, saboda babu wuta babu malamin da zai kunna su.

Abin da ya rage mana

To me ya kawo mu inda muke? Na farko ice ya yi wuya. Farin 1973 da 1974, da na 1984, ya kashe itatuwa kamar yadda ya kashe shanu, gonaki kuma suka cinye daji. Ƙirya mai kaurin da za ta yi turmi sai an yi tafiya kafin a gan ta. Kurmin giginyar Dallol Mawri da ke wajen Gaya yana ƙarƙashin tsaron ma'aikatan gandun daji, ba a sara sai da izini. Na biyu, roba da tasa da injin niƙa sun kori akushi, sun rage wa turmi aiki, ɗan masassaƙi ya ga gara ya sayi babur ya yi kabu-kabu. Na uku, lokacin gyaran gida shi ne lokacin ci-rani. Daga girbi zuwa faɗuwar ruwa samarin ƙauye suna Kano, suna Legas, suna Abijan, wasu suna Libiya, wasu suna ramin zinariya. Wa zai hau soron tsohuwa? Ɗanta ya aiko da kuɗi ta waya, in akwai. In babu, sai addu'a.

Na huɗu ku ƴan kasuwa kun fi kowa saninsa. Da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kun ga yadda kayan gini suka yi tsada, daga Kwanni zuwa Ɗan Isa zuwa Magarya. Talakan da ya bar sanin ginin ƙasa, kuma bai kai ga sayen siminti ba, ya tsaya a tsakiya.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane suka rasa rayukansu. A damanar 2024 ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, da yawa cikin mamatan kuma ɗaki ne ya faɗo musu. A Satumbar wannan shekarar tsohon masallacin birnin Damagaram, mai shekara fiye da ɗari da hamsin, ya zube. Ban ce rashin yaɓe ne kaɗai ya jawo ba, ruwan ya wuce misali. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya san ƴar tsagar da aka raina a bazara ita ce hanyar ruwa a Agusta.

Ba komai ne ya tafi ba, alhamdu lillahi. A 1980 a Cikal, wajen Filinge, aka fara koya wa magina rufin ɗaki da tubali zalla, ba ice ko guda, dabarar da aka aro daga mutanen Nuba na bakin kogin Nilu, ta kuma yaɗu a Nijar da maƙwabtanta. Daga 1983 kuma a ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoma suka raya abin da muke kira sassaben zamani: a bar kututture ya yi toho, a zaɓi reshe mai ƙarfi a kula da shi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya. Ice yana dawowa a hankali. Hannun da zai sarrafa shi ne abin tambaya.

Ina aka samo aikin ice na sha'awa?

Wani mai saurare ya bugo waya ya ce, "Wai kai wannan sha'awar taka, ba a waya ka ɗauko ta wurin Turawa ba?" Gaskiyarsa, kuma su ma tana da tarihi a wurinsu. Da masana'antu suka ƙwace aikin hannu a Turai, malamai suka ji tsoron yara za su tashi ba su iya komai da hannunsu ba. A 1866 ƙasar Finlan ta sa aikin hannu cikin darussan makarantun talakawa. A shekarun 1870 wani malami a Suwidin, Otto Salomon, ya buɗe wurin horar da malamai koyar da aikin katako. Manufarsa yaro ya koyi haƙuri da auna abu daidai da gama abin da ya fara, ko da ba kafinta zai zama ba. Irin wannan karatu ya bazu har Ingila da Amurka, ya taimaka wajen samar da mutumin da ke aikin ofis da rana, da yamma ya shiga ɗan ɗakinsa yana yankan katako.

Su ma can sun taɓa yin gayya, manoman Amurka kan taru su tada wa maƙwabci rumbu a yini guda. Da ta yi rauni sai suka mai da ita ƙungiya. A 1976 Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa Habitat for Humanity a jihar Jojiya, bayan sun shekara uku suna gwada tsarin a garin Mbandaka na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yau. Masu sa kai ke ginin, wanda za a ba gidan ma dole ya zuba nasa gumin. Jimmy Carter, wanda ya shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981, mai sha'awar aikin katako ne, yana haɗa kujeru da tebura da hannunsa. Daga 1984 shi da matarsa suka riƙa ba da mako guda kowace shekara suna kafa ƙusa a gidajen talakawa, har ya wuce shekara casa'in. Ya rasu a Disambar 2024 yana da shekara 100.

Abin da na ɗauka a labarinsu shi ne, sun haɗa abu biyun da muka raba. Wanda ya koyi ice don sha'awa shi ne ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi gayya.

Ƙyauren tsohuwa

Bari in koma bayan gidanmu. Na je na auna ƙofar, na haɗa ƙyaure, abokaina huɗu na fada suka taya ni kafawa. Da muka ga bangon ɗakin ya zaizaye, sai muka yi karo-karo muka sayi buhun siminti muka shafe shi tas. Muka ɗauki hoto, muna jin mun yi abin kirki. Ruwa uku aka yi, simintin ya ɓanɓaro kamar ɓawon ƙwai, ya taho da ƙasar bangon. Ƙyauren kuwa ya lanƙwashe ya ƙi rufuwa, ashe ɗanyen katako na saya don ya fi araha.

Wani tsohon magini na unguwar, wanda ƙafa ta hana shi hawa soro, ya zo da sandarsa ya duba. Ya ce, "Samari, sannunku da ƙoƙari. Amma da kun tambaya. Ƙasa numfashi take yi, siminti ba ya yi. Kun sa mata riga ta yi gumi a ciki." Na ce, "Baba, ai mun ɗauka siminti ya fi ƙarfi." Ya ce, "Ya fi ƙarfi a kan ɗan uwansa bulo. Gobe ku samo jar ƙasa da ramno da kashin jaki, ku kwaɓa ku bar shi ya kwana uku, ni zan zauna in nuna muku." Haka aka yi. Yana zaune a inuwa yana nuni da sanda, mu muna yaɓe. Damina ta zo ta wuce, bangon bai motsa ba. Ƙyauren ma na sake shi da busasshen katakon wani tsohon akwatin kaya da wani ɗan kasuwa ya ba ni kyauta. Da kakata ta ga tsohuwar ta rufe ɗakinta ta kwana, ba ta yaba mini ba, ta dai ce, "To, ashe wahalar tana da amfani."

Wannan ne ya fahimtar da ni abin da tarihin nan ke faɗi. Sani yana wurin tsofaffin da suka gada, amma ƙarfinsu ya ƙare, ƴaƴansu kuma sun bar sana'ar. Ƙarfi yana wurinmu, mu da ba mu gada ba, amma waya ba ta san ƙasar garinmu ba, ba ta san ƙirya da ɗanya ba. In ba mu zauna gabansu yanzu ba, nan da shekara goma ba mai nuna mana da sanda.

Saboda haka ga roƙona. Ƴan fada da ƴan majalisa, kafin ruwan bana ku zagaya unguwa ku ƙirga ɗakunan da ba su da mai hawa, ku ware yini ɗaya. Ku nemi tsohon magini ko masassaƙi, ku kai masa goro, ku tambaya kafin ku taɓa. Kada ku hau soron da azararsa ta ruɓe, ku fara dubawa daga ciki. Ƴan kasuwa, akwatuna da falankan da kaya ke zuwa a kai, waɗanda ake ƙonawa a bakin tasha, ƙyaure ne da taga da benci, ku ajiye wa yaran da ke son koyo. Makiyaya, in kun sauka kusa da gari da rani, shanunku da jakunanku na iya jawo ƙasa da ruwa a wuni ɗaya abin da mu za mu kwana uku muna ɗauka a ka. Iyaye kuma, in kuka ga yaro ko yarinya na wasa da guntun katako, ku bar tambayar wa ya gada, ku nuna masa ƙofar da ke jingine.

Wanda ya san yadda ake gayyar gyara a garinsu, ko yake da tsohon da ya san ice, ya aiko mana ta hannun wakilanmu na kasuwanni, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da dabbobinmu. A huta lafiya.